Hanyoyin Kudancin Katsina: Tarihin Gini da Rashin Gyara

Wanda ya tashi daga Funtuwa zuwa Gusau zai ratsa Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari. A Sheme hanya ke rabuwa ta nufi Ƙanƙara, daga nan ta wuce Dutsin-Ma har birnin Katsina. Wata kuma ta fito daga Funtuwa ta bi Dandume zuwa Sabuwa, kusa da iyakar Birnin Gwari. A kan waɗannan hanyoyi tattalin arzikin yankin ya rataya, kuma tarihinsu ya nuna dalilin da ya sa samun hanya ya fi riƙe ta sauƙi.

Auduga ce ta fara shata taswirar. Bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai Funtuwa ta zama matattarar kaɗa, inda ake gurza ta a loda a jirgi. Gonar irin auduga ta Daudawa da kasuwannin ƙauyuka duk suka fuskanci tashar. Hanyoyin En'e na lokacin na jar ƙasa ne, kuma gyaransu yana wuyan hakimai da dagatai, waɗanda kan tara talakawa bayan damina su cike zaizaya. Aikin akwai tilas a cikinsa, jama'a sun sha wuya, amma kowace hanya an san wanda za a tuhuma idan ta lalace.

Zango na biyu ya zo a tsakiyar shekarun 1970, da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Ƙanƙara da Faskari, ya shimfiɗa hanyoyin burji na ɗaruruwan kilomita domin taki ya shiga ƙauye, amfanin gona ya fito. A wannan zamani ne masara ta zama babban amfanin sayarwa a yankin. Da wa'adin shirin ya cika, sai ɗawainiyar hanyoyin ta koma kan hukumomin da ba su da injina ko kuɗin da aikin ke bukata.

A tsarin Nijeriya, manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya ne, matsakaita na jiha, na ƙauyuka kuwa na ƙananan hukumomi, waɗanda suka fi kowa ƙarancin kuɗi. Hanyar burji tana son a share magudananta, a gyara kwalbatoci, a bi ta da gireda kowace shekara. Idan aka tsallake damina biyu ko uku, ruwa ya ci gefenta, sai ta koma bukatar sabon gini. Hukumar DFRRI ta 1986 da asusun PTF na tsakiyar shekarun 1990 duk sun yi ayyukan hanyoyi, amma kowannensu ya shuɗe da gwamnatin da ta kafa shi. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 huruminta hanyoyin tarayya ne kawai.

Daga baya rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A watan Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta umarce su su zagaya ta Funtuwa. Ga manomin Ketare ko Sabuwa, irin wannan zagaye da fargabar direbobi suna nufin ƙarin kuɗin mota a kan kowane buhu, kuma daga ribarsa ake cire shi. Ramuka su ma suna taimakon 'yan bindiga, domin inda mota ta rage gudu nan ake tare ta, kuma jami'an tsaro kan makara wajen kai ɗauki.

Kusan shekara ɗari ke nan ana gina hanyoyi a wannan yanki, galibi da kuɗin da ya zo daga waje na ɗan lokaci. Abin da bai taɓa zama da gindinsa ba shi ne kason gyara na shekara-shekara a kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, tare da jami'in da za a iya kira da sunansa idan kwalbati ya rufta a watan Agusta.