CACA DA DOKA A ABUJA: DAGA ZAMANIN WURI ZUWA NA WAYA

A taronmu na watan jiya, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara neman takalmansu, sai wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya jefo tambayar da ta mai da kowa bisa tabarma. Ya ce 'yan sanda sun kwashe wasu samari suna buga karta a bayan tasha, alhali ga shago nan kusa da su, da allo da talabijin, ana karɓar kuɗin cacar ƙwallo daga safe har dare, ba wanda ya ce musu kanzil. "To ni ku gaya mini," in ji shi, "caca laifi ce a garin nan ko ba laifi ba ce?" Wani ya ce ai ko yaro ya san haramun ce. Wani ya ce gwamnati da kanta take ba da lasin. Aka yi ta cacar baki har aka kira magariba. Duka biyun kuwa gaskiya suka faɗa. Dalili ke nan da ya sa na ce bari in tono asalin maganar, gwargwadon abin da ya sawwaƙa.

Da farko dai caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kada mu ɗora wa Bature ko wayar hannu laifin kawo ta. Wani Bature mai suna Charles Robinson, wanda ya zauna a Kano tsakanin 1894 da 1895, ya rubuta yadda ake yin ta da wuri. A watsa 'yan ƙwayoyi sama, in sun faɗo a duba nawa suka kife nawa suka yi rigingine, shi ke nan an ci mutum ko ya ci. Hukuncinta a addini kuwa ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91. Sai dai ba a yanka mata haddi ba kamar sata. Horonta ta'aziri ne, watau abin da alƙali ko sarki ya ga ya dace, ko bulala, ko ɗauri, ko kora daga gari. Akwai kuma wani horon da ya fi bulala zafi ga mai mutunci, shi ne wanda ya shahara da caca ba a karɓar shaidarsa gaban alƙali. Irin wannan shari'a ce ake bi a biranen Hausa, har da tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ƙanen Sarkin Zazzau Makau ya kafa a 1828.

Da Turawa suka ci ƙasa, Lugga ya kafa wa Arewa kundin dokokin laifuffuka a 1904, wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinsland ta Ostareliya. Bayan haɗe Kudu da Arewa aka shimfiɗa shi a Nijeriya duka a 1916. Mai karatu, ga abin da ya ba ni dariya da na buɗe sashe na 236 na kundin nan. Yana lissafa wasannin da aka haramta: wasan faifan nan mai juyawa na gidajen cacar Turai, da wasannin ɗan lido, da duk wasan karta da ba na gwaninta ba, sai kuma ga kalmarmu zaune daram cikin Turancin, an rubuta ta "chacha", tare da sauran wasannin wuri. Ashe har Baturen da ya rubuta doka bai samo mata wani suna ba. Mai gidan caca ɗaurin shekara biyu ne ko tara, wanda aka tarar a ciki kuwa tararsa ta farko a kuɗinmu naira 10 ce, wadda a yau ko ruwan leda ba za ta saya ba.

Abin lura a nan, wanda shi ne tushen duk ruɗanin da muke ciki, shi ne Bature bai haramta caca don ita caca ce ba. Ya raba ta gida biyu. In gwaninta ce ke kawo nasara, kamar dararmu ta gargajiya, ba ruwansa. In sa'a ce zalla, ko kuma an tsara wasan yadda mai gida ya fi kowa damar ci, to nan ne ya sa hannu. Malami yana tambaya ne, shin an ci dukiyar wani ba da haƙƙi ba? Majistare kuwa yana tambaya, wane irin wasa ne, a ina aka yi shi, kuma akwai izini?

Haka aka yi ta tafiya da doka biyu a Arewa, alƙalan En'e suna hukunci da Malikiyya, kotunan Turawa suna bin kundinsu, har aka doshi mulkin kai. Ƙananan ƙabilu suka kai kuka cewa suna tsoron shari'ar alƙalai, sai gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958. Shugabansa Babban Jojin Sudan ne, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu. Suka ba da shawara a yi kundi ɗaya da zai hau kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Aka ɗauko samfurin na Sudan, wanda shi kuma jikan na Indiya ne na 1860, aka gyara. Majalisar Kaduna ta zartar da shi a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe bikin 'yanci. Shi ne iyayenmu ke kira Final Kot.

To me Final Kot ya ce game da caca? Sashe na 205 ya ce duk wanda ya buɗe gida ko wani wuri da jama'a ke shiga don yin fare ko wasan sa'a, ko ya buɗe ofishin fitar da ƙuri'ar reful, ko ya taimaka wajen gudanar da su, ana iya ɗaure shi har shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 206 ya bi masu sayar da tikiti da masu tallarsa. Shi kuwa ɗan cacar kansa sai ka gangara can sashe na 405 za ka same shi, an jera shi da mabarata da marasa wurin kwana cikin waɗanda doka ta kira masu zaman banza. Sharaɗin shi ne a same shi yana wasan sa'a don kuɗi a bainar jama'a, hukuncinsa kuwa bai wuce wata ɗaya ba ko tara. Ka ji inda aka kama samarin bayan tasha.

Amma a cikin sashe na 205 ɗin nan akwai wata 'yar ƙofa da aka bari a buɗe. An ce wannan hani bai shafi cacar da ƙungiyar sukuwa wadda gwamnati ta san da ita ke gudanarwa a filin sukuwa ba, in an sami izini. Su wa ke zuwa filin sukuwa a Kaduna da Kano a wancan zamani? Joji da Razdan da manyan 'yan kasuwa. Ni dai a ganina tun daga nan aka aza harsashin abin da dattijon nan ke kuka da shi. Mai doki ya zuba fam goma ya koma gida da mutuncinsa, mai tabarma ya zuba sule biyu ya kwana a hannun 'yan doka.

Yanzu mu zo gida. Ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja. Tunda ƙasar duk ta tsohuwar Jihar Arewa ce, sai birnin ya gaji Final Kot, kuma da shi kotunan yanki da na majistare ke hukunci har yau. Shekara guda bayan haka, a 1977, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar soja da ta hana mallaka ko sarrafa na'urar caca, irin wadda ake jefa wa kwabo a ja hannu, mutanen Ikko na ce mata kalo-kalo. Hukuncin ɗaurin shekara ɗaya ne ba zaɓin tara, a kuma ƙwace na'urar.

Waɗanda suka zo garin nan da wuri, lokacin ana kwaɓa siminti ana kwana a sansanin lebura na Nyanya, sun san yadda ƙarshen wata yake. Albashi na shiga aljihu, 'yan wala-wala sun baza katinsu uku a bakin tasha, da abokan cin mushensu da ke yin kamar su ma 'yan kallo ne suna ta ci. Ga kuma masu cike takardar ƙwallon Ingila duk Asabar. Ni da idona na ga magini ya rasa kuɗin motar zuwa gida sallah a cikin abin da bai fi shan shayi ba. A gefe guda kuma birni na tashi, an buɗe otal ɗin Nicon Noga Hilton a 1987, gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, manyan otal-otal suka buɗe ɗakunan caca masu lasin, ga sanyi ga kafet. Tsohuwar ƙofar sukuwa ce dai aka faɗaɗa.

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, cikinsu har da maƙwabciyarmu Neja. Sai ya zama daga Zuba zuwa Madalla, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi kafin ka gama gaisawa da shi, ka fita daga wata doka ka shiga wata. Da yawa cikin 'yan'uwa sun ɗauka tunda akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Abuja, ana iya kai ɗan caca gabanta. A'a. Tsarin mulkin 1999 ya taƙaita aikinta ga aure da saki da gado da wasiyya da riƙon yara da makamantansu. Bugu da ƙari sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum a kan laifi sai in an rubuta laifin da horonsa a cikin doka. Abuja kuwa ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka.

Wannan majalisa ce a 2005, zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, ta yi dokar caca ta ƙasa. Mutumin da ya hana kalo-kalo yana cikin kaki shi ne ya sa hannu a ba da lasin yana cikin babbar riga. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dokar ta kafa hukuma mai hedkwata a nan Abuja don ba da lasin da sa ido, ta kuma kafa asusun da kamfanoni za su riƙa zuba wani kaso don ayyukan jama'a, musamman wasanni. Ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba tikiti, da tarar da ba ta gaza naira 20,000 ba ko ɗaurin shekara guda. Ba a jima ba intanet ta shigo cikin harkar. Nairabet ya fara a 2009, Bet9ja a 2013, wasu suka biyo baya rututu. Sashe na 205 yana maganar gida ko wurin da jama'a ke shiga, sashe na 405 yana maganar bainar jama'a. To yaron da ke kwance a ɗakinsa a Karu ko Dei-Dei da waya a hannu, wane gida ya shiga? Waɗanda suka rubuta Final Kot ba su yi mafarkin wannan ba.

Jihar Legas ba ta yarda da dokar 2005 ba tun farko. Ta kai ƙara Kotun Ƙoli a 2008 tana cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya ba tarayya, saboda haka hurumin jihohi ce, da lasin ɗinta da harajinta. Shari'ar ta kwana ta tashi har shekara 16. Ran 22 ga Nuwamba 2024 alƙalai bakwai suka yanke hukunci baki ɗaya cewa Legas ce da gaskiya, dokar ba ta da ƙarfi a kowace jiha, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai, inda Majalisar Tarayya ke da ikon yin doka. Watau kowace jiha ta ji da kanta. Kano, wadda Hisbarta ta riga ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a wannan shekarar, ta ƙara samun ƙarfin gwiwa. Mu kuwa mazauna Abuja, dokar da aka yi wa ƙasa duka ta dawo ta tare a ƙofar gidanmu.

Saboda haka, Baba, shagon nan mai allo in yana da lasin doka ba ta taɓa shi, sai fa in an kama shi yana karɓar kuɗin yara, kuma wannan hanya ce da iyaye ke da ikon bi su kai ƙara. In ba shi da lasin, sashe na 205 na nan bai mutu ba.

Amma wanda ya saba zama a kotunan yanki zai gaya maka ba da sunan caca aka fi gurfanar da 'ya'yanmu ba. Ɗan wala-wala da laifin damfara ake cajinsa. Yaron shago kuwa, wanda maigidansa ya ba shi kuɗin kaya ya kai banki ya biya ta shagon ƙwallo da niyyar ya ninka ya mayar kafin la'asar, shi sashe na 312 ke jiransa, na cin amana, mai ɗaurin da ke iya kaiwa shekara bakwai. Mun je belin irinsa a bara, ni da sakatare. Majistare bai tambayi sunan kamfanin da kuɗin suka shiga ba, maigidan kuma ya ce shi dai a biya shi. Ƙungiya ta haɗa rabi, mahaifin yaron ya sayar da gonarsa ta gado a ƙauye ya cika sauran.