Malamin Da Ke Cikin Waya: Daga Ina Ya Faro?



A yau ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko na kwalejin noma ta Bakura, in karatu ya cije masa sai ya zaro waya ya tambayi ChatGPT. Da yawanmu mun ɗauka a 2022 aka fara wannan abu. Ina! Ya girmi jihar Zamfara kanta da shekara 30.

A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya ƙirƙiro manhajar ELIZA. Ba ta fahimtar komai, maganarka take juyawa ta maido maka da ita a matsayin tambaya. Duk da haka mutane suka riƙa faɗa mata sirrinsu, har abin ya tayar wa mai ita hankali.

A 1970 Jaime Carbonell ya fito da SCHOLAR, mai koyar da labarin ƙasa na Kudancin Amurka. Ita kam tana tambayar ɗalibi, shi ma yana tambayarta.

Me ya sa aka dage? A 1984 Benjamin Bloom ya bayyana cewa matsakaicin ɗalibin da malami ya zauna da shi shi kaɗai yakan zarce kashi 98 cikin 100 na 'yan aji. Mu kam wannan ba baƙo ba ne, tsarin zaure ne: ka zauna gaban malam da littafinka, ya ba ka karatu, gobe ka biya, in ka yi tuntuɓe ya maido ka baya. Matsalar ita ce jami'a ba ta da malami ɗaya ga kowane ɗalibi. Giɓin da ake son manhaja ta cike ke nan. Zuwa 2016, a jami'ar Georgia Tech, manhajar Jill Watson ta yi watanni tana amsa wa ɗalibai ba su gane ba mutum ba ce.

To, amsawa daban, koyarwa daban. Manhajar da ke miƙo maka amsa ka kwafe, ta yi maka sakiyar da ba ruwa. Ta ƙwarai ita ce mai cewa: “Nuna min inda ka tsaya.”

Kuma sai an ƙera ta da mu a rai. Ku tuna Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Da malamin ɗalibin Maradun a intanet kawai yake, ai da karatu ya tsaya cak. Muna buƙatar wadda ke jin Hausa, ba ta cin data da yawa, kuma tana aiki ko babu sabis. 'Yan sashen kwamfuta na Mafara, wannan aikinku ne.

Kai kuma, gobe in ka buɗe ta, kar ka ce “ba ni amsa”. Ce mata “yi min tambaya”.

Mu kwana nan, sai shiri na gaba.