Dutse, Babbar Mota da Bakanike

Idan muka tashi rubuta tarihin gari, sarakuna da gwamnoni muke lissafawa. Yau ga wani ɓangare na tarihin Dutse da ba a cika waiwaya ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1930 aka kammala layin Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori. Dutse ba ta kan wannan layi. Gyaɗa da hatsin yankin sai dai a kan jakuna da raƙuma, daga baya babbar mota ta karɓe su. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, siminti da rodin da aka gina ta da su duk a bayan mota suka shigo, ta Kwanar Huguma ko ta Shuwarin.

Motocin kuwa sun sha wuya. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta kafa kamfanonin harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Bayan tsarin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwa, kayan gyara suka yi tsada. Daga nan rayuwar tsohuwar mota ta koma hannun bakanike.

Ɗauki birkin baya. Irin birkin nan mai ganga tun 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da shi, har gobe shi ne a yawancin manyan motocinmu. A bakin aksul akwai wani zoben roba, sil, mai hana man giya fita. Zafi da ƙura da lodin wuce kima suna cinye shi. Da zarar ya yoye, mai ya jiƙa layinin birki, sai direba ya taka mota ta ƙi tsayawa, ko ta fizge gefe guda. Gyaran shi ne a cire taya, a zaro shaf, a sauke gangar, a duba boris, a sa sabon sil, a canza layinin na ɓangarorin biyu, sannan a daidaita. Bakaniken da ya wanke layinin da fetur ya mayar don sauƙin kuɗi, da ran fasinja ya yi ciniki.

Wannan ilimi daga bakin maigida zuwa kunnen yaron gareji yake tafiya, ba a rubuce ba. Waɗanda suka koya a kan Bedford da Marsandi 911 sun tsufa. Aikin wannan mako: kowa ya nemi tsohon bakanike a garinsu, ya tambaye shi wa ya koya masa, a wace mota, a wace shekara, da sunan da suke kiran kowane ƙarfe. Ku kawo mana nan mu karanta.