Farar Crau da Makomarta a Fakon Kudancin Faransa

A kudancin Faransa, gabas da garin Arles, akwai wani shimfiɗaɗɗen fako da ake kira Crau. Babu bishiya, sai gajeriyar ciyawa da mulmulallun duwatsu da kogin Durance ya zube tun zamanin da yake bi ta wurin. A nan kaɗai a duk duniya ake samun farar da masana ke kira Prionotropis rhodanica, wadda masanin ƙwari Boris Uvarov ya bayyana a 1923.

Surarta ita ce mabuɗin fahimtar halin da take ciki. Jikinta kakkaura ne, mai kaushi, launinsa toka-toka da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare, ta yadda in ta lafe tsakanin duwatsu sai mutum ya wuce bai gan ta ba. Tamatar takan kai santimita 4 da rabi, namijin kuwa wajen 3. Fukafukanta dungulmi ne, ba ta tashi sam, kuka ma ba ta cika yi ba. Ƙwan da ta binne a ƙasa yakan ƙyanƙyashe a watan Afrilu, 'ya'yan su girma zuwa ƙarshen Mayu, 'yan makonni bayan haka kuma su mutu. Zuriya ɗaya ke nan a shekara.

Halittar da ba ta tashi ba ta da hijira. Tun daga ƙarni na 16, lokacin da aka haƙa magudanar ban ruwa ta Craponne, ake yanka fakon ana mai da shi gonakin ciyawa. Daga baya lambunan 'ya'yan itace da masana'antu da sansanonin soja suka ci nasu rabon. Duk inda titi ko gona ya ratsa, farar da ke wannan ɓangare ta rabu da ta wancan ke nan.

Amma a ganina rasa fili bai isa ya bayyana komai ba, domin an kafa gandun kare fakon a 2001, kuma raguwar ta ci gaba a cikinsa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa farar cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Nan ne maganar kiwo ta shigo. Tumaki ne suka riƙe Crau a matsayin fako shekaru aru-aru. In babu su, ciyawa za ta yi tsawo ta rufe duwatsun da farar ke shan rana a kansu. In kuma garke ya yi yawa a watannin da 'ya'yan ke ƙanana, ciyawar ɓuya takan ƙare, ga balbela da hankaki suna biye da tumakin suna tsintar ƙwarin da ƙafafu suka tayar. Duk wanda ya taɓa ganin balbela a bayan shanu ya san wannan farauta.

Shi ya sa masu aikin ceto suka haɗa kai da makiyaya, ana killace wasu wurare a lokacin ƙyanƙyasa. Gidan namun daji na Thoiry ya fara kiwon farar a 2015, shirin Tarayyar Turai na LIFE kuma ya ɗauki nauyin aikin daga 2021. Ƙidaya ce ta fi wuya: sai an kama fara an sa mata alama an sake ta, sannan a koma nemanta cikin duwatsu, kafin a iya ƙiyasta yawan waɗanda suka rage.