Saukar Guga da Hawansa

Sa'ad da na fara zama a rumfar gyaran waya a Daura, ban san wani direba ba sai mai lodin Kongolam ko Katsina. Maigidana ne ya fara ce min in ɗora direba a kwamfuta kafin mu yi wa wata Tecno falashin. Na ɗora, na ga ta yi, ban tambayi dalili ba. Haka yawancinmu muka shigo sana'ar bayan zuwan GSM Najeriya a 2001. Ana sayo kayan aiki a Farm Centre ta Kano, a haɗo da faifai cike da direbobin da ba wanda ya san mai rubuta su.

Wata rana aka kawo wayar da fuskarta ta daina jin taɓawa. Mun canza gilas har sau biyu, shiru. Maigida ya miƙo min mita ya ce, "Yaro, bar gilas ɗin nan. Auna min layukan can biyu." A zanen bod an rubuta musu SDA da SCL. Ɗaya yana nuna bolt 1.8, ɗayan yana kwance a ƙasa. Wata 'yar rizista ce da ba ta kai ƙwayar gero ba ta ɓalle. Ranar na fara sanin hanyar da ake kira I2C, kuma ita ta ja ni daga bakin kyandir da dalma zuwa karatun rubutun direbobi.

Kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro ta a 1982 don ƙananan aisi su riƙa magana da juna ta waya biyu kacal, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta bugun lokaci. Gudunta na farko kilohaz 100 ne, a 1992 aka ƙara na 400, daga baya aka kai megahaz 1. Sirrinta kuwa, duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyar Kusugu zai gane shi. Aisi yana iya jan layin ƙasa nan take, kamar sakin guga. Amma ba ya iya tura shi sama, sai dai ya sake shi rizista ta jawo shi a hankali. In igiya ta yi tsawo, hawan sai ya daɗe. Ƙa'ida ta ce a gudun 100 kada hawan ya wuce nanosakan 1000, a gudun 400 kada ya wuce 300, a megahaz 1 kuwa 120. Direban da bai san tsawon wannan jira ba zai miƙa hannu guga tana tsakiyar rijiya.

Ni ma na sha wannan. Na taɓa haɗa wa wani manomi a wajen Sandamu na'urar auna zafin batirin sola, na ja waya mai tsawo, na sa rizista mai 4.7k. A gudun 100 lafiya lau. Rawar kai ta sa na ɗaga zuwa 400, sai lambobi suka haukace. Kwana uku ina zargin zafin rana, ashe hawan layina ya doshi nanosakan 800.

To ina direba yake samun waɗannan lambobi? A nan tarihin yake. A Linux, wanda shi ne ƙashin bayan kowace wayar Android, da can kowane bod mai aisin ARM yana da nasa fayil da aka cusa lambobinsa a ciki. Kamfani ya fito da sabon bod, a kwafi fayil ɗin tsohon, a canza lamba biyu, a turo. Tarkace ya yi ta taruwa har a Maris 2011 Linus Torvalds, jagoran Linux, ya fito fili ya nuna ya gaji. Mafitar da aka bi tsohuwa ce, an aro ta daga tsarin Open Firmware da injinan Sun da PowerPC suka daɗe suna amfani da shi. A rubuta bayanin bod a wata takarda daban mai rassa kamar bishiya, direba ya zo ya karanta.

Sai dai hali zanen dutse. Kowane direba ya riƙa karanta takardar da salonsa, in bai tarar da lamba ba ya zaɓi tasa. A ƙarshen 2015 Wolfram Sang, Bajamushen da ke kula da sashen I2C a lokacin, yana aiki kan direban aisin Renesas, ya tattara karatun wuri guda: gudun agogo, lokacin hawa, lokacin sauka, da jinkirin cikin aisi. Aikin ya shiga Linux 4.5 a Maris 2016. A 2020 aka sake bi ta kansa, aka naɗe layukan da ke maimaita juna cikin ɗan taƙaitaccen aiki ɗaya, lambobi irin 100000 da 400000 da ke warwatse a direbobi aka raɗa musu sunaye.

Samari suna raina irin wannan aiki, wai shara ce, tunda ba ya ƙara wa waya komai. Ni kuwa ina ganin ya fi rubuta sabo wuya. Mai sabon direba bod ɗinsa yana gabansa. Mai shara yana taɓa rubutun da dubban bod suka dogara da shi, waɗanda bai taɓa gani ba, wasu ma an daina ƙera su. Ya isa kawai ya kasa bambance "ba a rubuta komai ba" da "an rubuta sifili", wani agogo ko wata fuskar waya a wata ƙasa ta yi shiru, ba kuwa a ranar ba, sai bayan wata shida.

Kwanan baya wani ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura ya kawo min bod ɗin aikinsa na kammalawa. Ya ce, "Baba, direban ne ya lalace, zan sake rubuta shi daga farko." Na ce, "A'a ɗana, tukuna. Wayar nan taka kamu nawa ce?" Ya ce ta kai mita biyu. Na jawo akwatin rizistoci, na ce ya nemo min 2.2k guda biyu.