Daga Ɗinkin Salka Zuwa Facin Taya

A arewa maso gabas da birnin Sabha, a yankin Fazzan na ƙasar Libiya, akwai wani ƙaramin gari mai dabino da ake kira Zighan. Garin yana kan tsohuwar hanyar ayari wadda ta taso daga Turabulus ta bi ta Sokna da Sabha zuwa Murzuk, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Barno ta Bilma, ɗaya ta bi ta Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano. Ta nan Turawan Ingila, Denham da Clapperton, suka ratsa a 1822, kuma sai a Janairun 1824 Clapperton ya shigo Kano.

A irin wannan hanya, kowane falke shi ne mai gyaran kansa. Basilla da tsinken fata ba sa rabuwa da jakarsa, domin idan salka ta tsage tsakanin rijiya da rijiya, ko dai ya ɗinke ta nan take, ko ƙishirwa ta gama da shi.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya kudu zuwa Ikko, ayarin hamada ya yi ta raguwa. Ta wannan layin dogon ne kekuna suka riƙa shigowa ƙasar Hausa, musamman Raleigh na birnin Nottingham, wanda daga baya har masana'antarsa aka kafa a Kano. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da manoman da suka sayar da gyaɗa su ne manyan masu saye. Da yake makanikai sun yi ƙaranci a ƙauyuka, mai keke ya gaji ɗabi'ar falke. A ƙarƙashin sirdi akwai 'yar jaka mai sifana da gam da guntun roba, famfo kuma yana maƙale a jikin keken. Idan taya ta sace, sai ya zare tib ya tsoma a kwaryar ruwa, inda kumfa ya taso nan ne hujin, ya kankare ya shafa gam ya manna.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kawo Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, acaɓa kuma ta zama sana'a. Dole ta sa masu babur suka koyi goge fulogi da wanke kafireta da ɗaure sarƙa da juye baƙin mai da kansu. Amma da baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da kayansu masu araha, kuma mai faci ya kafa rumfa a kowace kwana, sai aka koma cirewa a sa sabo, aka bar gyarawa. Yau matasa da yawa a birni ba su iya mayar da sarƙar da ta zame ba.

To amma fa hamada tana nan yadda take. Har yanzu 'yan'uwanmu daga Nijar da Nijeriya suna aiki a gonakin Fazzan, inda garuruwa ke nesa da juna. Can yashi ke toshe matatar iska ya cinye sarƙa, zafi kuma ya gajiyar da taya, kuɗin da za a ba bakanike kuwa shi ake jira a gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk uban da ya saya wa ɗansa keke, ya kamata ya haɗa masa da sifana da gam, ya zauna ya nuna masa yadda ake faci.