Gubar dalma da man tsirrai: me habbatus sauda za ta iya yi wa hanta da hanji?

A watan Afrilun 2024 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta sanar da ɓullar wata cuta a ƙaramar hukumar Isa ta Jihar Sakkwato. Mutum 164 ne aka fara lissafawa a mazaɓu shida, akasarinsu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, huɗu kuma sun rasu. Alamomin su ne kumburin ciki saboda taruwar ruwa, zazzaɓi, amai da ramewa. Daga baya aka samu irinta a Sabon Birni. Gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu majinyata.

A yankin da 'yan bindiga suka sa zuwa asibiti ya zama kasada, ba abin mamaki ba ne iyaye su koma ga abin da ke kusa: manja, man zaitun, man habbatus sauda.

Dalma tana shiga jiki ne galibi ta baki, cikin ruwa, abinci ko ƙurar da ta maƙale a hannu. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, abin kuma yana ƙaruwa idan cikin ba kowa, ko yaron na fama da ƙarancin sinadarin ayon da kalsiyam. Daga hanji jini ke kai ta hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa, ragowar ta kwanta a ƙashi tsawon shekaru. Ɗaya daga cikin hanyoyin ɓarnarta shi ne haddasa wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Nan ne man tsirrai ya samu gurbi. Man habbatus sauda yana ɗauke da sinadarin timokinon, man zaitun kuma da bitamin E, dukansu masu rage wannan tsatsa. Gwaje-gwaje a kan ɓerayen da aka ba dalma sun nuna raguwar lahani a hanta da ƙoda. Sai dai ɓera ba yaro ba ne, kuma rage ɓarna daban, fitar da guba daban. Mai ba ya kama dalma ya fitar da ita daga jini. Ɗura wa yaro mai amai manja ma haɗari ne, domin yana iya sarƙewa man ya faɗa huhu.

Abin da ya yi aiki an gan shi a maƙwabciya Zamfara, inda gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum. An kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, sannan ƙungiyar MSF ta ba yara maganin DMSA, wanda ke ɗaure dalma ta fita cikin fitsari. Tsarin ya zama haka ne saboda yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar, gubar za ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini a nemo tushen gubar, daga 45 kuma a duba batun ba yaro maganin fitarwa.

Awon jini da binciken rijiyoyi da ƙasar noma ba aikin magidanci ba ne. Nauyi ne na gwamnatin Sakkwato da NCDC, kuma al'ummar Isa da Sabon Birni na da haƙƙin a faɗa musu sakamakon a fili.